Ƙarfen Da Babu A Hoto

Ranar da aka cire ƙarfen, Gwaggo tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta da kofin shayi a hannu, tana kallo. Ƙarfen ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. Bututun ruwa ne da marigayi yayanta ya sa aka kafe a jikin bango shekarar da gwiwoyinta suka fara yi mata gardama. Ya tashi daga ƙofar ɗakinta, ya bi doguwar baranda, ya sauka tare da matakala zuwa tsakar gida, ya tsaya a ƙofar banɗaki. An taɓa shafa masa koren fenti, amma tafin hannunta ya cinye fentin a hankali har ƙarfen ya koma fari yana sheƙi.

Da ta ga mai walda ya fara kwance shi sai ta ƙwala wa ɗan yayanta kira. Shi ne babba a cikin jikokin gidan, kuma tun da dangi suka naɗa shi shugaban kwamitin gyara kowa Ciyaman yake ce masa, har matarsa. Gwaggo ce kaɗai ba ta koyi sunan ba, don ita ta yi masa wankan ƙuruciya.

"Ɗan nan, ina za a kai min ƙarfena?"

"Gwaggo, babu shi a hoto."

"Wane hoto?"

"Hoton gidan mana, wanda na nuna miki. Na shekarar da Kaka ya gama ginin."

"To ai ni ma ba na cikin hoton nan. Lokacin ba a haife ni ba."

Ciyaman ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce wa mai walda ya ji Gwaggonsu da barkwanci. Mai walda ya murmusa ya ci gaba da aikinsa.

Maganar hoto kuwa gaskiya ce. Mahaifin Gwaggo attajiri ne, shi ya fara ɗora bene a garin, kuma da ya gama ya kira mai hoto ya ɗauki gidan ciki da waje. Da jikoki suka taru suka yanke shawarar mayar da gidan gidan tarihi, don sunan Kaka ya ɗore kuma garin ya sami abin nuna wa baƙi, sai suka ɗauko wani masanin tsofaffin gine-gine daga birni. Ƙwararre ake ce masa. Mutum ne mai ladabi, mai magana a hankali, kuma doka ɗaya ya zo da ita: za a mayar da gidan yadda yake a shekarar hotunan. Abin da yake cikin hoto ya zauna, abin da babu ya fita. Dangi suka ji dokar ta yi musu daɗi, don tana raba gardama ba sai an yi dogon tunani ba.

Gwaggo ma ta yarda. Wa zai ƙi a tuna da ubansa? Ita kaɗai ta rage a cikin ’ya’yansa, ita kaɗai take kwana a gidan, kuma a gaban kowa Ciyaman ya dafa ƙirji ya ce ɗakinta ba za a taɓa shi ba. Ya kuwa cika alkawari. Ɗakin ba a taɓa ba. Hanyar fita daga ɗakin aka taɓa.

"Za a yi miki wata dabara," in ji shi, yana duba wayarsa. "Ki bar min wannan."

Bayan ƙarfe sai aka zo kan leda. Tsohuwar ledar da ke shimfiɗe a baranda, wadda ta kode ta yi kaushi har ƙafa take kama ta, aka ɗaye ta aka jefar. A ƙarƙashi sai ga tayil na asali, fari da baƙi, irin wanda aka ce ko a birni yanzu babu. Ƙwararre ya durƙusa ya shafa shi, idonsa har ya kawo ruwa. Aka kawo inji aka goge, aka zuba wani mai aka sake gogewa, har mutum yana ganin haɓarsa a ƙasa. Bango kuma aka kankare shi aka mayar masa da launin farko, ruwan madara.

Gwaggo ta ga abin ya yi kyau, kuma ta faɗa. Sannan ta miƙe za ta banɗaki, ta miƙa hannu inda ta saba miƙawa, ta kama iska. Sai ta dafa bango.

Haka ta riƙa yi. Ta dafa, ta ja ƙafa, ta dafa, ta ja ƙafa. Wurin matakala ne aikin yake, nan sai ta juya ta sauka a gicciye, kafaɗarta manne da bango, tana ambaton Allah a kowane taku. Ba a daɗe ba wani layi ya bayyana a jikin sabon fentin, daidai tsayin ƙugun mutum, daga ƙofarta har tsakar gida.

Ƙwararre da kansa ya zo mata, ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya gaishe ta har ƙasa.

"Mama, wata alfarma na zo nema. Fentin nan ba irin na kasuwa ba ne, haɗa shi muka yi. Ba ya son maiƙon hannu."

"Hannun nawa a wanke yake."

"Na sani, Mama. Ko a wanke ne."

"To me zan dafa?"

Ƙwararre ya dubi bangon. Ba mugu ba ne, kuma a fuskarsa an ga tambayar ta shige shi. Amma ya ce shi aikin da aka ba shi na gini ne, abin da ya shafi mutanen gida kuwa na iyali ne, ba ya so ya yi shisshigi. Zai dai gaya wa Ciyaman. Ciyaman da aka gaya masa ya ce ai wannan magana ce ta fasaha, shi ba zai tsallake Ƙwararre ba, wanda ya yi karatun abin. Haka maganar ta riƙa kaiwa da komowa tsakaninsu cikin mutunta juna, kowa yana girmama hurumin ɗan’uwansa, Gwaggo kuma tana dafa bango in ba kowa a kusa.

Daga baya aka kawo mata sanda. Sanda ce mai kyau, da kan azurfa, Ciyaman ya kawo ta a naɗe da takarda ya sa aka ɗauke su hoto tare. Sai dai bakinta ƙarfe ne, kuma a rana ta biyu aka ga ta fara zana tayil. Aka ɗaure mata tsumma a baki. Sanda mai tsumma a kan gogaggen tayil kuwa, duk wanda ya taɓa jan tsumma a kan madubi ya san yadda take tafiya. Gwaggo ta jingine ta a bayan ƙofa, tana kore ƙadangare da ita.

Sai ta yi tata dabarar, tunda wadda aka yi mata alkawari ba ta iso ba. Ta lura tafiyar banɗaki daga ruwa take farawa, don haka ta rage shan ruwa. Shayin safe ya koma rabin kofi, na yamma ta daina. In ƙishi ya dame ta sai ta jiƙa leɓe. Tafiyar ta ragu, kamar yadda ta lissafa. Amma jiki magayi. Kanta ya fara sarawa, in ta miƙe sai ɗakin ya juya kafin ya tsaya, kuma ƙafafun da dama taimako suke nema suka ƙara laushi saboda zama.

Auta, ƙanwar Ciyaman, ita ce mai yawan kiranta a waya. Malamar makaranta ce a birni, mai saurin kuka.

"Gwaggo, na ji muryarki wani iri."

"Lafiyata ƙalau. Ƙarfena dai suka cire."

"Wallahi na faɗa a taro. Na ce a duba maganar Gwaggo. An ce an rubuta."

"To madalla."

"Da ma gidana ba hawa na uku ba ne, da na ɗauko ki. Kin san babu yadda za ki yi da benen nan."

"Na sani."

Kowa yana da irin wannan. Mai bin Ciyaman yana da ɗakin da babu kowa a ciki, amma matarsa ba ta da lafiya, kuma likita ya hana ta hayaniya, ko da yake ba a taɓa jin Gwaggo da hayaniya ba. Wani yana ƙasar waje, yana turo gaisuwa da hoton ’ya’yansa. Shi Ciyaman cewa ya yi raba Gwaggo da gidan ubanta zalunci ne, kuma ba da shi za a yi ba. Dukansu suna son ta, wannan ba ƙarya ba ne. An dai ce zumunci a ƙafa yake, su kuma nasu a waya ya tsaya.

Ita ma Gwaggo ba ta nemi a ɗauke ta ba. Ba gida take nema ba, tana da gida. Abin da take nema bai wuce ta isa banɗakin gidan ubanta da ƙafarta ta dawo ba.

Ranar buɗewa aka cika gidan. Aka yanka kirtani, aka yi jawabai, aka ambaci Kaka har Gwaggo ta share hawaye, don da gaske ta ji daɗi. An zaunar da ita a kujerar gaba, Ciyaman ya nuna ta ya ce ga ’yar mai gidan nan da ranta, ita ce babbar dukiyarsu, aka yi tafi. Mutum biyu suka riƙe ta suka kai ta kujerar, mutum biyu suka mayar da ita. Ranar ba ta sha wahalar tafiya ba ko kaɗan.

Washegari sabon tsari ya fara. Baƙi suna shiga daga hantsi zuwa la’asar, kuma hanyar zagayawa ta bi ta barandarta, don nan ne tayil ya fi kyau. Aka ja jar igiya a gaban ƙofarta, aka rataye allo mai cewa ba a shiga. Ciyaman ya roƙe ta, a hankali kuma da ladabi, ta daure ta riƙa gama uzurinta kafin a buɗe ƙofa, don kar baƙi su takura mata.

Sannan aka kawo safa. Wata irin safa ce ta yadi mai laushi da ake ɗorawa a kan takalmi, kowane baƙo sai ya saka kafin ya taka tayil. An ajiye su cikin kwando a bakin shiga. Mai zagayawa da baƙi, wata matashiya da aka ɗauka aiki, ta kawo wa Gwaggo tata har ɗaki.

"Mama, an ce kowa da kowa ne. Silifas ɗinki yana barin sawu."

"Ba zan iya tafiya da wannan ba, ’yar nan."

"Ni dai aike ne, Mama. In aka ga sawu ni za a yi wa faɗa."

Gwaggo ta dubi yarinyar, ta ga aikinta na fari ne kuma tsoro take ji, sai ta karɓa. Da yamma ta tare Ciyaman da maganar.

"Ɗan nan, abin nan santsi gare shi."

"Gwaggo, ni ma sakawa nake. Kalli ƙafata."

"Kai gwiwarka ƙalau take."

"Ki yi haƙuri, sabo ne. Kuma in muka ɗaga miki doka, gobe wani babba zai zo ya ce shi ma ba zai saka ba. Maganar ƙarfenki kuma tana nan, ban manta ba. Akwai wani irin da ake yi yanzu wanda ba ya ɓata fasalin gini, muna bincike."

"Ko bokiti ne a ajiye min a ɗaki."

Ba ƙaramin abu ba ne mace kamar Gwaggo ta furta wannan a gaban yaron da ta rena. Sai da ta kawar da kai kafin ta faɗa. Ciyaman ya ɓata rai sosai.

"Haba Gwaggo! Bokiti? Muna raye? Me mutane za su ce? Kuma kin san iskar ɗakinki ta baranda take fita."

A kan wannan aka rufe maganar. Mutuncinta bai bari a ba ta bokiti ba.

Abin ya faru ne wata ranar da aka kawo ɗaliban wata makaranta, mota guda. Gwaggo ta makara da safe saboda jiri, kafin ta tattara kanta an riga an buɗe ƙofa. Ta zauna tana jira. Ayari ya wuce, wani ya shigo. Tana jin matashiyar tana maimaita musu labarin ubanta, yadda ya fara da tallar gishiri, yadda ba ya barin baƙo ya kwana a waje. Rana ta take, jikinta ya ce ba zai ƙara jira ba. Ta saurara ta ji barandar ta yi shiru, ta saka safar a kan silifas kamar yadda aka ce, ta ɗaga jar igiya, ta fito.

Ta ci rabin baranda lafiya, hannunta yana shawagi kusa da bango ba tare da ya taɓa ba, don ta yi wa Ƙwararre alkawari. A bakin matakala ta juya a gicciye, ta sauke ƙafar dama. Ƙafar ta tafi, ba ta jira ta ba.

Ba ta yi ihu ba. Ƙarar da aka ji ta ƙashi ce a kan dutse. Tana kwance a tsakar gida, zaninta a jiƙe, kuma wannan ya fi ƙugun yi mata ciwo a lokacin, don tana jin takun yaran suna saukowa daga bene. Matashiyar ce ta fara ganinta, ta cire mayafinta ta rufe ta, ta tsaya ta tare hanya tana kuka. Aka kira Ciyaman. Ya zo da gudu, hankalinsa a tashe, ya durƙusa yana kiran sunan Allah. Da aka ɗauko ta za a nufi babbar ƙofa, inda mota take, sai ya ɗaga hannu.

"Ku bi ta baya," ya ce. "Akwai yara."

Ta baya aka bi, ta lungun da ake fitar da shara, kuma hanyar ta fi tsawo.

A asibiti likita ya ce ƙashin ƙugu ne ya karye. Ya ce kuma jikinta a bushe yake kamar wadda ta yi doguwar tafiya, ya tambaya ko ba a ba ta ruwa a gida. Dangi suka kalli juna da mamaki. Ciyaman ya ce ai famfo ma sabo aka saka. Aka yi aiki, aka saka mata ƙarfe a ciki, amma ƙashin tsufa ba ya karɓar gyara kamar gini. Sati ya bi sati ba ta miƙe ba. Daga baya likita ya daina cewa "in ta fara tafiya", ya koma maganar keken guragu da wanda zai riƙa juya ta a gado.

Dangi sun zo dubiya, ba laifi. Suna tsayawa a bakin gadon suna tattauna yadda abin ya faru. Mai bin Ciyaman ya ce tsufa ne, ba a yi masa magani. Na ƙasar waje ya ce ta waya ƙaddara ce. Matar Ciyaman ta ce da Gwaggo ta riƙe sandar da aka saya mata da ba a kai nan ba, amma tsofaffi akwai taurin kai. Auta ta yi kuka ta ce ita fa ta faɗa a taro. Ƙwararre ya aiko da furanni. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, kuma babu wanda ya ambaci safa.

Gwaggo tana kwance tana kallon silin. Baƙin ciki take ji, irin wanda ba ya fita da kuka. Ba ta tsine wa kowa ba. Abin da yake cin ta shi ne yanzu sai an ɗaga ta an tura mata tasar fitsari, kuma mai yi mata hakan baƙuwa ce da ba ta san ko ’yar waye ita ba.

Wata yamma Ciyaman ya shigo fuskarsa a washe, da ledar lemo a hannu. Ya ja kujera ya zauna.

"Gwaggo, albishirinki."

"Goro."

"An saka ƙarfe."

Ta juyo da kanta a hankali.

"Wallahi an saka. Daga baranda har ƙasan matakala. Kin san ƙungiyar tsofaffin ma’aikata da suka zo makon jiya? To matar shugabansu ce ƙafarta ta ɗan zame a matakalar nan. Ba ta faɗi ba, Allah ya tsare, mijin ya riƙe ta. Amma ranar ban yi barci ba. Da safe na kira Ƙwararre na ce masa hoto ko ba hoto ba, rai ya fi gini. Ya ce dama shi jira yake iyali su yi magana. Kafin la’asar mai walda ya gama. Har roba aka manna a bakin kowace matakala."

"Kafin la’asar," in ji Gwaggo.

"Ai abin ba wuya. Kin ga tsofaffi suna yawan zuwa yanzu. Ba ma so wani ya faɗi a gidanmu."

Ya ɓare lemo ya miƙa mata. Ba ta karɓa ba, sai ya ci da kansa.

Ba a rasa ƙarfe a garin nan ba, ba a rasa mai walda ba, kuma dokar hoto ashe tana lanƙwasuwa. Abin da aka rasa shi ne wanda za a ji kunyarsa. Matar baƙo tana da miji mai muƙami da bakin da zai kai labari waje. Gwaggo ta gida ce, ta gida kuwa haƙuri ake ba ta, don an san ba ta da inda za ta kai ƙara sai wurin waɗanda suka yi mata laifin. Irin wannan cuta ba ta bukatar mugu ko ɗaya. Mutanen kirki ma sun isa, in dai kowannensu yana da uzuri mai kyau.

"To yaushe zan koma?" ta tambaya.

Ciyaman ya goge hannu da hankici, ya gyara zama.

"Wannan ce muke dubawa. Kin san tayar keke a kan tayil ɗin nan, sai mun ji ta bakin Ƙwararre." Ya miƙe, ya gyara mata bargo da kyau har wuya. "Amma za a yi miki wata dabara, Gwaggo. Ki kwantar da hankalinki."

Ya fita yana amsa waya. Gwaggo ta daɗe tana kallon ƙofar. Sannan ta lalubi maɓallin da ke gefen gado ta danna, ta kwanta tana jiran a kawo mata tasa.